Kaza, shuka da karon garken taurari: amsar kawu

Ɗana, saƙonka ya iso. Mutanen gida duk lafiya, mahaifiyarka na gaishe ka. Ka ce ka karanta a salula cewa garken taurarin da muke ciki zai yi karo da wani garke mai suna Andromeda, shi ne kake tambaya: in sama kanta za ta wargaje, me ya rage wa al'adar duban taurarin Kaza da manoma ke yi kafin shuka, da lissafin taurari 28 na malamai?

Akwai abin da ke gusar da lissafin Kaza, yanzu haka ma yana kan gusar da shi, amma ba Andromeda ba ne. Bari dai mu fara da karon, tunda shi ya tayar maka da hankali.

Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda littattafan Larabci ke kira Majarra, shi ne garkenmu, daga ciki muke kallonsa. Taurarinsa sun haura biliyan 100, ko miliyar kamar yadda kuke faɗa a lakkol. Andromeda kuwa haskensa sai ya yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi kafin ya iso mu, kuma yana nufo mu da gudun kilomita 110 a sakan guda. Wannan ba a jayayya a kansa, launin haskensa ke nunawa. Wuyar aikin tana ga gudunsa na gefe. Ranar hawan sallah in mahayi ya sako doki daga nesa, ka san yana matsowa, amma kanka zai hau ko giftawa zai yi, sai ka ga karkatar linzami. A 2012 masu aiki da Hubble, madubin hangen taurari da ke shawagi a sararin samaniya, suka auna wannan karkata suka ce kanmu zai yo, nan da shekara biliyan 4. A 2025 ayarin Till Sawala na Jami'ar Helsinki suka sake lissafin, suka sa nauyin wasu ƙananan garkuna biyu a ciki: M33 da ke ƙara yiwuwar haɗuwar, da Babban Gajimaren Magellan da ke janye garkenmu gefe. Sai abin ya fito rabi da rabi cikin shekara biliyan 10. Wanda ya rubuta maka karon kamar an sa ranar biki, tsohon labari ya kwafo.

To a ce ma an haɗu. Kalmar karo ita ke ruɗin mutane, sai su hango motoci biyu a hanyar Magariya. Ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya ka ajiye a Kasuwar Dole, ka ce ita ce rana. A wannan ma'auni, tauraron da ya fi kusa da ita wata ƙwayar ce a can Kano, tsakani kuma fili ne fetal. Watsa buhu biyu na gyaɗa a irin wannan tazara, ka tura ɗaya ya ratsa ɗaya, ƙwaya nawa za su taɓa juna? Kusan babu. Gajimaren iska da ƙura da ke tsakanin taurari su ke gwabzawa da gaske, su matse, sababbin taurari su kunnu da yawa a lokaci guda. Sauran aikin nauyi ne ke yinsa a hankali. Giftawar farko takan jawo dogayen jeloli na taurari daga kowane garke, gudunsu ya ragu, su rabu, su sake dawowa, kowane zuwa ya fi na baya kusa, har bayan ɗaruruwan miliyoyin shekaru su zama dunƙule ɗaya mai siffar ƙwai. Baƙin ramin da ke cibiyar garkenmu, wato dunƙulen nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, mai nauyin rana miliyan 4, da na Andromeda da ya haura miliyan 100, su nutse tsakiya su haɗe. Rana tana iya komawa wata unguwa can gefe, da duniyoyinta a tare da ita. Ita kanta ranar, bisa lissafin masana, cikin kusan shekara biliyan 1 zafinta zai ƙaru har tekuna su fara ƙafewa. Sa'ar tashin ƙiyama kuwa saninta na wurin Allah, lissafi bai kai can ba.

Garken namu ma ba baƙon haɗiya ba ne. Wani ƙaramin garke da aka gano a 1994 ta ɓangaren taurarin da ake kira Sagittarius yanzu haka ana yagalgala shi, taurarinsa sun zama zare kewaye da mu, kuma babu manomin da ya ji a jikinsa.

Yanzu ga Kaza da ƴaƴanta, Surayya a bakin malamai. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma sun fi 1,000, nisansu tafiyar haske ta shekara 440. Ƴan tsaki ne a cikin taurari, shekarunsu wajen miliyan 100, kuma nan da wajen miliyan 250 za su watse kowa ya kama gabansa. Kaza za ta rasa ƴaƴanta tun Andromeda bai yi ko zangon kirki ba.

Abin da ya shafi gonarku ya fi wannan kusa. Duniya tana juyi tana kuma layi, kamar katantanwar yara in ta fara gajiya, layi ɗaya shekara 25,800. Saboda haka taurari suna makara a kan damina da rani, kwana ɗaya duk shekara 71 ko 72. A nan Damagaram Kaza takan faɗi yamma bayan magariba wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, ta ɓuya bayan rana, ta sake ɓullowa gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da ake sauraron ruwan shuka. Daga rasuwar Sarki Tanimun a 1884 zuwa yau, wannan ɓullowa ta makara da kwana biyu kacal. Amma taurarin malamai kowane kwana 13 yake yi, ɗaya ya yi 14 don shekara ta cika 365, ke nan cikin shekara 900 da ƴan kai tauraro guda cur ya gusa daga mazauninsa. Al'adar tana nan daram a zamaninka da na jikokinka, kuskurenta bai kai na hadarin da ya yi alkawari ya watse ba.

Inda ake faɗuwa shi ne a ɗauki Kaza a matsayin mai kawo ruwa. Lokaci take faɗa, ba ta san gajimare ba. Tsofaffin manoma in ta fito sukan tona ƙasa da hannu su ga iyakar lema. Masana noma na Sahel sun sa wa abin awo: ruwan sama milimita 20 cikin kwana 3, kuma kada a samu fari fiye da kwana 7 a watan da ke biye. Wanda ya ga tauraro ya zuba iri kan yayyafin farko, gero ya tsiro, ruwa ya ɗauke mako biyu, to sai ya sake neman iri.

In kana son ganin Andromeda da idonka, ka bari sai Nuwamba, kafin hazo ya yi kauri, a daren da wata bai fito ba. Fita bayan gari inda fitilu ba su kai ba, wajen ƙarfe 9 zuwa 10. Sa salula aljihu, ka ba idonka minti 20 ya saba da duhu. Leƙa fuskar waya sau ɗaya yana ɓata wannan jira. Fuskanci arewa, za ka ga taurari biyar masu siffar M. Daga kusurwar M ɗin ta hagu, wadda ta fi tsini, ɗaga kai sama kamar tsawon taƙi ɗaya in ka miƙe hannu. Kada ka zuba masa ido kai tsaye, kalli gefensa kaɗan, sai wani ɗan dusu-dusu mai kama da ƙwayar shinkafa ya bayyana. Abdurrahman al-Sufi ya rubuta shi a shekara ta 964, ya kira shi ɗan gajimare. Shi kuwa Gajimaren Magellan, ko a Janairu daga Zinder bai wuce yatsu huɗu sama da ƙasa ba ta kudu, kuma galibi hazo ne ke cinye shi.