Ki kai rahoto a rubuce, ko da kin yafe

'Yar'uwa, kin ce ɗan wani majinyaci ya mare ki a ƙofar ɗakin killacewa don kin hana shi shiga wurin mahaifinsa, kina tambaya ko ki kai ƙara ko ki haƙura tunda dattawa sun zo sun ba da baki. Ki kai rahoto a rubuce, yau ɗin nan. Ki sa rana da lokaci da waɗanda suka gani, likita ya duba ki ya rubuta abin da ya tarar, ki miƙa wa shugabar sashenku, ki ba wakilin ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NANNM, kwafi. Yafiya tsakaninki da shi ce, ba ta hana takarda.

A azumin 2020, lokacin da korona ta sa aka kulle Kano, a gabana wani ya shaƙe abokin aikina har igiyar takunkuminsa ta tsinke. An jinkirta ba su gawar mahaifiyarsu don a ɗauki samfur na gwajin korona, su kuwa so suke a kai ta kafin magariba. Wallahi na san zafin da yake ji. Amma muka yi shiru, ba a yi mako ba aka sake dukan wata ma'aikaciya. Sai da takardu suka taru a teburin shugaban asibiti aka sa mai gadi a ƙofa dare da rana, aka kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa fita safe da yamma yana gaya wa dangi halin da majinyacinsu yake ciki.