Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan 'yarta da waya

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na karanta abin da kika rubuta game da 'yarki mai shekara 16, wadda waya ta hana ta barci sai goshin asuba, karatunta ya ja baya, kuma da zarar an karɓe wayar sai ta kulle kanta a ɗaki tana kuka, har maigidanki ya ce a fasa wayar kowa ya huta. Ina roƙonki don girman Allah kada ku fasa, kuma kada ku bari wani ya hukunta ta a gaban jama'a, domin abin da ya kusa raba ni da tawa 'yar ke nan.

Mu a shekarar 2020 abin ya faro, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, malamai suka koma tura darasi ta WhatsApp, dole muka saya mata waya. An koma makaranta, amma waya ba ta bar hannunta ba. Kuɗin tararta ta riƙa tarawa tana sayen datar dare mai araha, wadda ke farawa tsakar dare ta ƙare da asuba, saboda haka lokacin da muke barci ita a lokacin take buɗe nata shagon. Sallar asuba ta zama sai an yi faɗa, a aji kuma gyangyaɗi.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar wani taron suna a gidan dangin mahaifinta. Gwaggonta, wadda kullum take cewa ni ce na sangarta yarinyar, ta fizge wayar daga hannunta a tsakar gida, ta tilasta mata ta buɗe, sannan ta shiga karanta saƙonninta da ƙarfi mata suna dariya. Babu wani abin kunya a ciki face hirar ƙawaye da korafin cewa ba wanda ya damu da ita a gida, amma matar nan ta riƙa maimaita wannan maganar tana kwaikwayon muryarta, tana cewa ga tarbiyyar 'yan boko. Ina tsaye da tiren abinci a hannuna, na kasa cewa uffan saboda surukai sun cika wurin. Har yau ba ta ba yarinyar haƙuri ba, kuma har yau tana gaya wa mutane cewa ita ce ta gyara mini 'ya. Allah ya gani. Bayan mun dawo gida yarinyar ta daina cin abinci sai an matsa, ta daina magana da ƙannenta, wani dare kuma na ji ta tana cewa da ma ba a haife ta ba. Gwaggon dai ita ce ta sake cewa aljanu ne, a kai ta wurin mai magani.

Mun yi addu'a, mun yi ruƙiyya da kanmu, amma kuma na kai ta sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa duk da surutun dangi. A gaban likita ne, bayan an fitar da ni waje, ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya mini ba: 'yan ajinsu sun buɗe wani zauren hira a waya suna yawo da hotonta suna yi mata ba'a kan jikinta, ita kuma ba ta iya kwanciya sai ta duba ko an ƙara cewa wani abu. Ashe tsoro ne ya ɗaure ta a kan wayar, mu kuma muna ta kiranta mai taurin kai. Shi ya sa nake ce miki ki fara neman sanin abin da 'yarki take kallo da wanda take magana da shi, ta hanyar lallashi, kafin a yi maganar hukunci.

Likitan ya fara da barci ne, ya ce mai shekarunta tana bukatar awa 8 zuwa 10, kuma hasken waya da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci, rashin barcin kuma shi kansa yana jawo fushi da mantuwa da ƙunci. Muka sa doka cewa bayan sallar isha'i kowa zai ajiye wayarsa a falo, har da ni da mahaifinta, wanda shi ne ya fi kowa jin jiki. Idan ke kina kallon TikTok har sha biyun dare, ba za ta saurare ki ba. A wayoyin Android akwai Digital Wellbeing da ke nuna awannin da aka ɓata a kowace manhaja. Ku duba tare da ita, da saninta.

Kada kuma ki ɗauka gazawarki ce. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fallasa takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙyamar jikinsu, a 2024 kuma Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta. Abin da ke ba ni haushi shi ne makarantunmu da suke hana zuwa da waya, amma suke tura aikin gida ta waya.

Idan kika ga ta daina cin abinci, ko tana rama, ko ta ambaci mutuwa ko da cikin wasa, kada ki jira a gama zangon karatu. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, a Kano kuma akwai na Dawanau da sashen da ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki kai ta da kanki, kuma ba dole ba ne dangi su san inda kuka je.