Jariran Ganyen da Aka Kawo Mini Sun Kwanta, Me Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. An kawo mini faranti guda na tsirran lansir da alayyahu, irin waɗanda ake ci tun suna jarirai, suna nan a cikin ƙasarsu. Bayan kwana uku sai na ga wasu sun kwanta, kuma wani farin abu kamar auduga ya fito a gindinsu. Shin lalacewa suka yi? Idan na yanka, za su sake tohowa? Daga wata uwargida a Gwale.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki zubar da farantin, ki fesa ɗan ruwa a kan farin abin nan ki duba. Idan ya lafe ya ɓace, to gashin saiwa ne wanda tsiron ke shan ruwa da shi, ba cuta ba ce. Idan kuwa ya tsaya kamar saƙar gizo-gizo, yana haɗa tsiro da tsiro, kuma yana warin rima, wannan fumfuna ce, kuma a ganina gara a zubar da farantin baki ɗaya, tunda ɗanye ake cin ganyen.

Kwanciyar da suka yi kuwa, galibi daga ban ruwa take. Karansu bai fi zare kauri ba, saboda haka idan aka kwarara musu ruwa da buta daga sama, sai su faɗi su manne da ƙasa, iska ta daina ratsa su, ruɓa ta biyo baya. Abin da ya dace shi ne farantin ya kasance mai huda a ƙasa, ki ɗora shi cikin tire mai ɗan ruwa na kamar minti 10, ƙasar ta sha da kanta, sannan ki zubar da ragowar. Ki riƙa ɗaga farantin da hannu: idan ya yi sakayau, ƙishirwa ce, idan yana da nauyi, ki ƙyale shi. Da bazara, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, za ki iya ba su safe da yamma. Da hunturu ma ƙasar kan bushe da wuri, amma da damina sau ɗaya ya wadatar, wani lokaci ma a tsallake rana. Suna son hasken hantsi a bakin taga ko a baranda, amma ranar azahar dafa su take yi.

Lokacin yanka yakan faɗo tsakanin kwana 7 zuwa 21 bayan shuka, gwargwadon iri. Alamarsa ita ce ganye biyun farko sun buɗe sarai, na ainihi ya fara leƙowa a tsakaninsu. Ki kama su tamkar kin kama tukkun yaro, ki datse da almakashi mai kaifi ɗan sama da ƙasa don kada yashi ya biyo. Abin da za ki zuba a kwaɗo ko ki barbaɗa a kan dafa-duka a ranar kaɗai za ki yanka, ki wanke shi dab da ci. Wanda aka yanka yakan yi 'yan kwanaki a firji idan ba a jiƙa shi ba, amma da halin da wutar lantarki take ciki, barinsa a tsaye cikin ƙasarsa ya fi.

Tohowa kam ba za su yi ba, domin almakashi ya tafi da kan da tsiron ke girma daga gare shi. Sai dai a sake shuka, kuma a nan ake buƙatar lura: irin da ake sayar wa manoma a fakiti, wanda za ki ga an rina shi ja ko kore, magani aka shafa masa, bai dace da wannan shuka ba. Ki nemi tsaba ta ci wadda ba a sa wa magani ba, kamar hulbar da ake samu a Kasuwar Kurmi. Kada kuma ki gwada da tumatir, barkono ko gauta, domin ganyen jariransu yana ɗauke da guba.