Fawa bank mai 30,000 mAh amma caji biyu ya ƙare: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kai saƙo a Makka, waya a kunne take yini guda. Na sayi fawa bank a wani shago, an rubuta 30,000 mAh a jikinsa, batirin wayata kuma 5,000 ne. A lissafina sau shida zai cika ta, amma sau biyu kawai yake yi ya mutu. An cuce ni ne, ko zafin gari ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ko da na gaskiya ka saya, ba za ka taɓa samun sau shida ba. Amma sau biyu ya yi kaɗan ƙwarai, kuma zafi kaɗai ba zai jawo haka ba.

Lambar da ake bugawa da manyan haruffa ta batiran ciki ce, waɗanda ke aiki a bolt 3.7, alhali kafar USB bolt 5 take fitarwa. Don haka ma'aunin da ya kamata ka riƙe shi ne Wh, wato ma'aunin jimillar wutar da batir ke ɗauke da ita. Ka ninka 30,000 da 3.7, ka raba da 1,000, za ka sami 111 Wh. Batirin wayarka kuwa kimanin 19 Wh ne. Wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5 ana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, wayar ta sake sauko da ita a yi wata asarar, igiyar caji ma ta ci rabonta. Ɗumin da kake ji a bayan waya lokacin caji, wutar da ta salwanta ce. Abin da ke isa batirin waya yakan tsaya kusan kashi biyu cikin uku, wato caji huɗu ko ƙasa da haka kaɗan. Tunda biyu kake samu, in dai sabo ne, abin da ke ciki bai wuce wajen 15,000 mAh ba.

Ka juya shi ka duba ƙananan rubutun baya. Kamfanonin kirki suna rubuta Wh, da kuma “Rated capacity”, wato abin da yake iya fitarwa a zahiri ta kafar USB, wanda ga mai 30,000 yakan kama 18,000 zuwa 20,000 mAh a bolt 5. In babu ko ɗaya, alama ce mara kyau.

Sannan ka ɗora shi a sikeli, ko na mai kayan miya ne. Batir ƙirar 18650, irin wanda akan jera a cikin fawa bank, mafi ƙarfinsa yana ɗaukar kusan 3,500 mAh, nauyinsa wajen giram 47. Ana buƙatar guda tara kafin a haɗa 30,000, sun haura giram 400 ke nan tun ba a sa kwanso ba. Na gaskiya yakan wuce rabin kilo. Nauyin ma bai isa shaida shi kaɗai ba, domin akwai masu cusa yashi a ciki, abin takaici. Hujjar da ba ta da ja ita ce ƙaramar mitar USB: ka cika fawa bank ɗin, ka sa mitar tsakaninsa da waya, ka yi ta amfani har ya mutu, sai ka karanta jimillar Wh. Mai 111 Wh ya kamata ya ba da 90 ko sama.

Zafi yana da nasa laifin. Batirin litiyam ba ya son caji sama da digiri 45, kuma motar da aka kulle a ranar Makka takan wuce haka nesa. Ɓarnar tana taruwa a hankali, cikin watanni. Kada ka bar shi a gaban gilashi, kuma da ka ga ya kumbura ka daina amfani da shi nan take, yana iya kamawa da wuta. Haka nan caji da taswira a kunne da hasken allo a ƙure yana sa lissafi ya ragu, don haka ka yi gwajin waya a ajiye.

Ka koma shagon da rasit. In sun ƙi saurararka, ka kira 1900, layin ƙorafi na Ma'aikatar Kasuwanci. Idan za ka canza, ina ba ka shawarar mai 20,000 mAh na kamfani sananne: 74 Wh ne, zai ba ka caji biyu da rabi zuwa uku. Yana kuma ƙasa da 100 Wh da ake bari a shiga jirgi da shi a jakar hannu ba tare da neman izini ba, ranar da za ka je gida.