Ina zan ajiye murafen rufin mota idan na cire su?

Tambaya: Ina da Jeep Wrangler mai rufin da ake cire murafe biyu na gaba. Idan na cire su a hanya, yaya zan ajiye su a cikin motar ba tare da sun karce ba?

Amsa: Mai tambaya, kada ka kwantar da su haka kawai a but. Taka birki ɗaya ya isa su zame su bugi ƙarfe, kuma gefensu ne ke fara ɓarewa. Gefen nan kuwa shi ke zama a kan robar da ke tare ruwa, idan ya lalace rufi ya fara yoyo ke nan.

Ka fara cire na ɓangaren direba, domin shi ke hawa kan ɗayan. Goge ƙura da tsumma mai laushi, saboda ƙwayar yashi ɗaya tsakanin fenti da yadi sai ta zama kamar sanfefa. Mayar da maƙullan su kwanta. Sa murfi ɗaya a jakar da aka yi musamman don ajiye su, shimfiɗa yadin tsakiyar jakar, sannan ka sa na biyu, ka ja zif.

Jakar tsayuwa take yi a bayan kujerar baya. Maƙale ƙugiyoyinta na ƙasa, ka zagaya ɗamarar sama a matasan kai na kujerar, ka ja ta da kyau. Girgiza ta da hannu. Idan ta motsa, ƙara ɗaurewa.

In babu jaka, bargo biyu masu kauri da igiya sun wadatar. Kada dai ka ɗora musu kaya, kada ka rufe su a jiƙe.