Hukuncin Sayar da Manhajar da ke Kiran Laburaren GPL ko LGPL

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta manhajar sayarwa, ban buɗe tushenta ba, wato ainihin rubutun umarnin da aka gina ta da shi. Tana kiran wani laburare na kyauta, wato guntun manhaja da wasu suka rubuta don sauran manhajoji su yi amfani da shi, da ke fayil ɗinsa daban, irin .dll ko .so, sai an kunna ta suke haɗuwa. Ya halatta in sayar da ita haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Lasisi sharaɗi ne da mai abu ya gindaya, kai kuma ka karɓa da ka ɗauki abinsa. Allah Ya yi umarni da cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida, Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Majma'ul Fiƙhil Islami, a zamansa na Kuwait a 1988, ya tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi shari'a ta kare shi. Kyautar laburaren ba ta kore sharaɗinsa ba, don haka hukuncin ya danganta da irin lasisinsa; MIT, BSD, LGPL da GPL duk sunayen lasisin manhajojin kyauta ne.

In lasisin MIT ne ko BSD, sayar, amma ka bar sanarwar mai haƙƙi da nassin lasisin.

In LGPL ne, ya halatta ka rufe tushen taka, da sharuɗɗa: ka sanar cewa laburaren na ciki, ka haɗa kwafin lasisin, ka samar da tushen laburaren tare da duk gyaran da ka yi masa, kuma mai saye ya iya cire shi ya sa wanda ya gyara. A nan, ɗan'uwa, mutane ke tuntuɓe: su kulle manhajar ta ƙi karɓar wani fayil, ko su hana bincikar ta gaba ɗaya a yarjejeniyar saye, alhali lasisin ya ba mai saye wannan dama don gano kurakuran gyaransa. Ka kula da FFmpeg, laburaren sarrafa bidiyo da sauti: asalinsa LGPL ne, amma in an gina shi da x264, wani laburaren bidiyo mai lasisin GPL, ya koma GPL.

GPL kuwa, gidauniyar FSF (Free Software Foundation) da ta rubuta shi tana ɗaukar haɗin manhaja da laburaren, ko a narke cikin fayil guda ko a fayil daban, aiki guda ne, dole a buɗe tushensa duka in an rarraba. Wasu lauyoyi sun saɓa mata. Abin da na rinjayar shi ne haramci, domin ka san nufin mai sharaɗin, raba fayil don kauce masa kuwa hila ce. Ka buɗe tushen, ko ka sayi lasisin kasuwanci inda akwai, kamar na laburaren Qt, ko ka musanya laburaren da wanda ba na GPL ba, misali libedit a madadin Readline. In a cikin kamfaninku kawai ake amfani da ita ba a rarrabawa, babu laifi.

Wallahu a'alam.