Amsa kan dillalin mota da ya nemi NIN da BVN kafin a gama ciniki

Malam, ka ce wani dillali a kasuwar Berger ta hanyar Apapa ya ce sai ka tura masa hoton takardar NIN da lambar BVN ta WhatsApp kafin ya ajiye maka motar. Kada ka tura. Kafin alƙalami da rasit ke ajiye mota, ba lambar mutum ba.

NIN tana da gurbinta a sayen mota, amma sai an zo rajista. A nan Legas hukumar MVAA ke yin rajistar mota da canjin mallaka, kuma tun da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta haɗa rajista da lasisin tuƙi da NIN, a ofis za a nema. Can za ka bayar, da hannunka. BVN kuwa ta banki ce, Babban Banki ya kawo ta a 2014. Babu ruwanta da mota sai in bashi za ka ci ka saya, nan ma bankin za ka bai wa.

A yi wa dillalai adalci: babban kamfani mai shago da rajista yana da hujjar neman shaidarka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu sayar da motoci cikin waɗanda dole su san abokin cinikinsu, suna rajista da SCUML, sashen sa ido kan halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ita ce kuma ta hana mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki. To amma shaida ake nema, lasisin tuƙi ko fasfo ko katin zaɓe duk sun wadatar, kuma ranar biyan kuɗi, a ofis. Ba yaron da ya tare ka a bakin titi yana neman la'ada ba.

Mutane na cewa ai BVN kaɗai ba ta cire kuɗi. Gaskiya ne, sai dai ba ita kaɗai ke tafiya ba. Takardar NIN na ɗauke da cikakken sunanka, hotonka da adireshinka, dillalin kuma yana da lambar wayarka, zai ga bankinka a rasit ɗin taransfa. Da waɗannan ake kiran mutum a ce daga banki ne, a karanto masa bayanansa daidai har ya saki jiki ya faɗi lambar OTP. Da su ake gwada yi wa layinka welkam-bak, wato a ciro sabon SIM da lambarka, ko a ci bashi da sunanka a manhajojin rance. Shi dillalin ma wataƙila ba shi da mugun nufi, amma wayar tasa hannu nawa take bi a yini?

Idan dole sai an ba da kwafi, a ba da na takarda. Ka ja layi biyu a gicciye a kan fotokwafin, ka rubuta "don sayen mota kaza kawai", da lambar shasi da kwanan wata, ka sa hannu rubutun ya ɗan hau hoton. Idan kamfani ya ce tantance NIN zai yi, nemi lambarsa ta tantancewa ka ciro vNIN, wato lambar wucin gadi da ke tsayawa a madadin NIN, wadda NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ta fito da ita a 2022: haruffa da lambobi 16, tana mutuwa bayan awa 72. Wanda bai san zancen ba, to ba shi da abin tantancewar.

Kai ne ma ya kamata ka tsananta tambaya. Lambar shasi, wato VIN, guda 17 ce. Sa tocila ka karanta ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofa, ka gwada da takardun kwastan harafi bayan harafi, don a nan ake liƙa wa mota takardar dutin wata motar. In motar mai lamba ce, karɓi kwafin shaidar mai ita, sunan ya dace da na takardun da na asusun da za ka tura wa kuɗi.

In ka riga ka tura, je bankinka ka sanar, canza lambobin sirri, sa wa layinka PIN. Idan aka yi amfani da bayananka, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar kai ƙara hukumar kare bayanai ta NDPC, don haka kada ka goge hirarku ta WhatsApp.